Yadda Ake Gina Mugun Shugaban Soja a Labarin Anime na Almarar Kimiyya

Duk wanda ya daɗe yana kallon fina-finan zane na Japan, waɗanda duniya ta sani da suna anime, ya san cewa labaran yaƙin sararin samaniya ba sa rasa wani mutum guda, wato shugaban soja sanye da kaki wanda ya danne ƙasa da ƙarfin bindiga, yake kuma aika dubban mutane lahira ba tare da fuskarsa ta sauya ba. Masu sha'awar rubuta irin wannan labari ko zana shi sukan ɗauka cewa wannan mugun ya fi kowa sauƙin ƙirƙira, sai su ba shi baƙar riga da tabo a fuska da dariyar ƙeta, su ce an gama. Abin da ke fitowa daga nan mutum ne mai hayaniya wanda mai kallo zai manta da shi kafin a kai ƙarshen fim. Abin da ke sa ɗan kama-karya ya firgita mai kallo shi ne ganin cewa mutane masu hankali da tarbiyya suna yi masa biyayya da zuciya ɗaya, kuma a kan wannan fahimta aka jera matakan da ke ƙasa. Zan fi jingina da Gihren Zabi na shirin Mobile Suit Gundam, wanda kamfanin Sunrise ya fara nunawa a 1979 ƙarƙashin jagorancin Yoshiyuki Tomino, domin a ganina har yau shi ne ma'aunin da ake auna sauran da shi.

Mataki na farko: ka gina ƙasar kafin ka gina mutumin

Kafin ka zaɓa wa shugabanka suna, ɗauki takarda guda ka rubuta abin da ke damun mutanen da zai mulka. Wane ne ya zalunce su, tun yaushe, kuma me suka rasa a sanadiyyar haka? Idan har ba ka iya amsa waɗannan tambayoyi da abubuwan da ido zai gani ba, irin su abinci da iska da haraji da ƙasar noma da 'yancin zaɓe, to ba ka shirya shiga mataki na gaba ba.

A labarin Gundam, yawan jama'a ya sa an kwashe mafi yawan 'yan Adam zuwa wasu manyan matsugunai da aka ƙera a sararin samaniya, yayin da gwamnatin Tarayyar Duniya ta ci gaba da mulkinsu daga ƙasa. Mutanen da aka haifa a can suna ganin an yasar da su ana kuma juya su daga nesa, kuma wannan ƙorafi yana da tushe na gaskiya. Rukunin matsugunan da ya fi nisa da duniya, wanda ake kira Side 3, shi ne ya ɓalle ya zama daular Zeon. Gihren bai ƙirƙiri fushin mutanensa ba, ya tarar da shi a shirye ne, ya hau kansa. Haka ma Dessler na shirin Space Battleship Yamato, wanda aka fara nunawa a 1974: duniyar mutanensa, Gamilas, tana gab da mutuwa, saboda haka yake ruwan bama-bamai masu guba a kan duniyarmu domin ya samar wa jama'arsa sabon mazauni. Babu ɗayan waɗannan dalilai da ke wanke laifin da aka aikata, amma su ne ke bayyana yadda ƙaramin soja zai bar gida da iyali ya tafi yaƙi yana ganin yana kan gaskiya.

Yana da kyau marubuci ya san inda wannan damuwa ta samo asali a Japan. An haifi Tomino a 1941, kuma shi da tsararrakinsa sun taso ne a ƙasar da sojoji suka mamaye siyasarta, suka ja ta cikin yaƙin da ya ƙare da bama-baman Hiroshima da Nagasaki a 1945. Tun a ranar 26 ga Fabrairun 1936 wasu ƙananan hafsoshi suka yi yunƙurin juyin mulki a Tokyo, suka kashe manyan jami'an gwamnati, kuma ko da yake an murƙushe yunƙurin, tasirin soja a gwamnati ƙaruwa ya yi bayansa. Wannan tarihi ne ya sa shugaban soja a anime yake zuwa da jama'a masu yi masa tafi, domin waɗanda suka rubuta shi sun san cewa iyayensu sun taɓa tsayawa a irin wannan taro.

Mataki na biyu: ka san ta wace ƙofa ya shiga

Akwai wanda ya gaji mulki, akwai wanda ya ƙwata da dare ɗaya, akwai kuma wanda aka miƙa masa da hannu biyu saboda mutane sun gaji da rikici. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa, domin ƙofar da ya shiga ita ce za ta nuna abin da yake tsoro. Wanda ya ƙwata yana tsoron hafsan da ke bayansa, wanda ya gada yana tsoron 'yan'uwansa, wanda jama'a suka ɗora kuma yana tsoron ranar da za su gano gaskiya. Iyalin Zabi sun hau ne bayan mutuwar Zeon Zum Deikun, jagoran neman 'yancin mutanen sama, mutuwar da ake zargin mahaifin Gihren, Degwin Zabi, da hannu a cikinta, kuma wannan jini na farko ya ci gaba da bin gidan har ƙarshen labarin.

Mai karatu a Najeriya ko Nijar ba ya bukatar a bayyana masa yadda safiyar juyin mulki take. Najeriya ta zauna ƙarƙashin soja daga 1966 zuwa 1979, sannan daga ƙarshen 1983 zuwa 1999 in ban da ɗan gajeren lokaci a 1993, kuma manya suna tuna kiɗan soja a rediyo, da sanarwar jingine tsarin mulki, da rufe iyakoki, da dokar hana fita. Ka yi amfani da wannan sani wajen tsara yanayin labarinka, amma kada ka ɗauko wani shugaba na gaske ka sauya masa suna kawai, domin masu kallo za su shagala da neman wanda kake nufi su bar labarin.

Mataki na uku: ka rubuta aƙidarsa da bakinsa

Zauna ka rubuta shafi ɗaya da muryarsa, yana bayyana dalilin da ya sa abin da yake yi ya zama dole, kuma kada ka sa masa ko kalma ɗaya ta jin kunya. Wannan shafi ba zai shiga fim ba, amma daga cikinsa ne duk maganganunsa za su fito. Gihren ya yi imani cewa mutanen Zeon zaɓaɓɓen jinsi ne da ya cancanci ya jagoranci sauran 'yan Adam, yana kuma kallon raguwar yawan jama'a da yaƙi ya jawo a matsayin abin da ya dace da shirinsa. Gabatarwar shirin ta sanar da cewa a cikin kimanin wata guda na farkon yaƙin ɓangarorin biyu sun hallaka rabin al'ummar da ke raye, kuma ga mutum irin Gihren wannan adadi lissafi ne da ya fita daidai. Akwai wurin da mahaifinsa ya kwatanta shi da Hitler yana nufin ya tsawatar masa, shi kuwa ko a jikinsa.

Rashin tausayi a nan yana nufin cewa babu wani abu, ko ɗan'uwa ko alkawari ko addini, da zai shiga tsakaninsa da abin da ya sa a gaba. Domin ka tabbatar da hakan, jera abubuwa uku da yake ƙauna ko yake girmamawa, sannan ka tsara labarin ta yadda zai sadaukar da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya fi na bayansa tsada.

Mataki na huɗu: ka cika masa fada

Wannan shi ne matakin da ya fi cancantar lokacinka, kuma shi ne wanda sababbin marubuta suka fi tsallakewa. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma ko da yake shugabanka mugu ne da kansa, umarninsa ba zai kashe kowa ba sai wani ya rubuta shi, wani ya sa hannu, wani ya isar, wani kuma ya danna maɓalli. Zana wannan jeri tun daga kujerarsa har zuwa ƙaramin sojan da ke filin daga, ka ba aƙalla mutum huɗu a cikin jerin suna da fuska da dalilinsu na yin biyayya. Ɗaya ya yi imani da aƙidar, ɗaya yana neman ƙarin girma, ɗaya yana tsoron abin da zai sami iyalinsa, ɗaya kuma soja ne na kirki da ya rantse da biyayya, yana ganin karya rantsuwa ya fi kowane laifi muni. Wannan na ƙarshen shi ne zai fi taɓa zuciyar mai kallo, saboda haka ka ba shi wuri mai faɗi.

A Gundam an mayar da fadar ta zama gida ɗaya. Degwin, uban, ya tsufa kuma mulki ya riga ya zame daga hannunsa zuwa na babban ɗansa, Gihren. 'Yarsa Kycilia tana da rundunarta da 'yan leƙen asirinta, tana kuma gogayya da yayanta a ɓoye. Dozle sojan fili ne mai ƙaunar matarsa da jaririyar 'yarsa da mayaƙansa, Garma kuwa auta ne da kowa ke so. Saboda wannan tsari, duk shawarar yaƙi tana zama rigimar cikin gida, kuma idan aka hana wani sansani ɗauki, mai kallo ya san cewa ɗan'uwa ne ya bar ɗan'uwansa a hannun abokan gaba.

Wani darasin na daban yana cikin Legend of the Galactic Heroes, labarin Yoshiki Tanaka da aka mayar da shi anime mai kashi 110 daga 1988 zuwa 1997. A lokacin yaƙin basasar daular sararin samaniya da ke cikin labarin, wani babban basarake mai suna Braunschweig ya ba da umarnin a kai harin nukiliya a kan Westerland, duniyar da ke da mutum miliyan biyu. Labari ya iske Reinhard von Lohengramm, jagoran ɓangaren da ke yaƙar sarakunan, kafin a kai harin, amma mai ba shi shawara, Oberstein, ya nuna masa cewa idan aka bar abin ya faru aka ɗauki hotonsa aka yaɗa, jama'a za su juya wa sarakunan baya, yaƙin kuma zai ƙare da wuri. Reinhard bai hana ba. Abin da ya biyo baya shi ne tsamin dangantaka tsakaninsa da amininsa na ƙuruciya, Kircheis, wanda ya fuskance shi a kan maganar, aka kuma hana shi shiga taro da makami kamar yadda ya saba, har ya rasa ransa wajen kare Reinhard da hannu. Reinhard ba mugun wannan labari ba ne, amma wurin yana koyar da yadda ake rubuta bafaden da ke kawo hujja mai sanyi a daidai lokacin da shugaba ke neman wanda zai sauƙaƙa masa zunubi. Ka samar wa shugabanka irin wannan mutum, ka kuma samar masa wanda zai iya ce masa a'a, sannan ka yanke shawarar yadda zai rabu da na biyun.

Mataki na biyar: makami da ta'asa

Almarar kimiyya tana ba ka damar ƙirƙirar makamin da babu shi a duniya, kuma a nan ne son burgewa yake ɓata labari. Ka kafa wa makamin dokoki tun farko: me yake ci kafin ya yi aiki, sau nawa za a iya harba shi, wa za a kora daga gidansa domin a gina shi, kuma mutum nawa ne suka san da shi. Zeon ta fara yaƙi da jefo matsugunin sama guda a kan duniya, wanda ya faɗa a birnin Sidni na Ostareliya, daga baya kuma ta mayar da wani matsugunin ya zama wata ƙatuwar bindigar haske. A duka biyun, wurin zaman mutane ne aka mayar makami, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda shugaban yake kallon rayuwa.

Game da ta'asar kanta, babbar guda ɗaya da aka shirya da kyau ta fi ƙanana goma tasiri. Mai kallo ba ya iya jin zafin miliyan, saboda haka ka gabatar da mutum biyu ko uku daga wurin da za a hallaka tun kashi biyu ko uku kafin abin ya faru, a gan su suna cin abinci, suna gardama, suna shirin gobe. Bayan harin ka nuna ofishin shugaban, inda ake karanta rahoto a wuce zuwa batu na gaba. Ka kuma yi tunanin yadda gwamnatin za ta ɓoye abin ko ta juya shi. A shirin Zeta Gundam na 1985, rundunar Titans ta Tarayyar Duniya ta saki iskar guba a cikin wani matsuguni domin murƙushe masu zanga-zanga, sannan ta rufe labarin, kuma wannan ɓoyewar ta zama wani laifi na biyu da ya ingiza mutane zuwa ga 'yan tawaye. Ina ganin wajibi ne marubuci ya kiyaye kada zanen ya ƙawata kisan har ya zama abin sha'awa, domin matasa ne mafi yawan masu kallo, kuma wutar fashewa a allo tana da kyau ko da a kan wa ta faɗa.

Mataki na shida: ka rage bayyanarsa, ka shirya masa jawabi guda

Shirin Gundam na farko kashi 43 ne, kuma Gihren bai fito a mafi yawansu ba, bai kuma taɓa haɗuwa ido da ido da jarumin labarin, Amuro Ray, ba. Wannan nisa yana ƙara masa kwarjini. Idan kana tsara zango mai kashi 12 ko 13, kowanne kimanin minti 24, bayyana huɗu ko biyar ta ishe shi, a sauran kuwa a ji shi ta hanyar hotonsa a bango, da umarnin da ya iso, da yadda mutane ke rage murya idan an ambaci sunansa.

A cikin waɗannan bayyanannun lokuta, ɗaya ya zama jawabi ga jama'a, kuma ka rubuta shi da dukan ƙwarewarka. Misalin da ya shahara shi ne jana'izar Garma, inda Gihren ya mayar da mutuwar ƙaninsa dandalin farfaganda, aka kuma watsa jawabin ta talabijin har abokan gaba suka gani. Tsarinsa abin koyi ne: ya fara da rashin da kowa ke ji, ya tuna wa mutane cewa ƙarfin Zeon bai kai kashi ɗaya cikin talatin na Tarayya ba amma ga shi har yanzu suna tsaye, ya ɗora wannan a kan cewa su ne masu gaskiya, sannan ya juya baƙin ciki ya zama fushi, ya rufe da kirarin da taron ya amsa da murya ɗaya. Ka bi wannan hawa a naka jawabin, ka fara da abin da yake gaskiya, ka shigo da ƙarya a tsakiya inda zuciya ta riga ta yi zafi.

Abin da ya ƙara wa wurin daraja shi ne masu sauraro. Yayin da ake jawabin, an nuna Char Aznable, hafsan Zeon wanda shi ne ya yaudari Garma ya jefa shi cikin tarkon da ya mutu, yana zaune a mashaya yana kallon talabijin yana mayar da martani da raini. Saboda haka mai kallo yana jin ƙarfin jawabin, a lokaci guda kuma yana ganin abin da jawabin ya ɓoye. Duk lokacin da shugabanka ke magana ga taro, ka yanka zuwa ga wani da ya san gaskiya, ko uwar da ɗanta ya riga ya mutu, ko yaron da jawabin zai sa ya shiga soja gobe.

Mataki na bakwai: kama da murya

A nan ba a bukatar dogon bayani. Zaɓi launi biyu ko uku da alama guda mai sauƙin zanawa, ka maimaita su a tuta da kaki da jikin jirage, domin masu zane za su sake zana su sau dubbai. Kayan Zeon da na daular Reinhard sun ɗauko salo daga sojan Jamus, amma ba dole ne ka bi wannan hanya ba, kuma ɗauko alamar wata ƙungiya ta gaske kai tsaye kasala ce. Ga mai ɗora murya, ka nemi wanda zai iya magana a hankali cikin natsuwa, ya ajiye ɗaga murya sai ranar jawabi. Ka ba shugaban ɗabi'a guda ta yau da kullum da za ta nuna halinsa, kamar yadda Dessler, mai son ladabi da ƙasaita, ya taɓa buɗe ƙasa a ƙarƙashin wani hafsa saboda ya yi dariyar da ba ta dace ba a gabansa.

Mataki na takwas: ka fitar da ƙarshensa daga halinsa

Hanya mafi rauni ita ce jarumi ya shiga fada ya doke shi a faɗan gaba da gaba, domin ɗan kama-karya ba ɗan dambe ba ne, ƙarfinsa yana cikin mutanen da ke yi masa aiki. Koma ga jerin abubuwa uku da ka rubuta a mataki na uku, ka duba na ƙarshe da ya sadaukar, a nan ne ajalinsa yake. Da Degwin ya ga yaƙi ya juya musu baya, sai ya fita da jirginsa domin ya nemi sulhu da Janar Revil na Tarayya. Gihren ya harba bindigar hasken nan a daidai wurin, ya kashe mahaifinsa da Revil tare da wani babban ɓangare na jiragen Tarayya. A yaƙin ƙarshe na sansanin A Baoa Qu, a lokacin da Zeon ke riƙe da filin, Kycilia ta tabbatar da abin da ya yi, ta harbe shi a kai a cikin ɗakin ba da umarni, kuma ruɗanin da ya biyo baya ya ba Tarayya kafar da ta shiga. Ita ma Kycilia ba ta tsira ba, domin Char, wanda ɗan Zeon Zum Deikun ne da ya ɓoye sunansa yana neman fansa, ya kashe ta tana ƙoƙarin ficewa.

Kada ka tsaya a kan gawarsa. Rubuta abin da zai sami hafsoshinsa da makamansa da masu imani da aƙidarsa, domin ba sa ɓacewa ranar da ya mutu. A jerin Gundam, ragowar mayaƙan Zeon sun ci gaba da yaƙi shekaru bayan an sa hannu a kan sulhu, kuma da sunan farautarsu ne Tarayya ta kafa rundunar Titans, wadda ta zama sabuwar mai zalunci. Idan kana da niyyar zango na biyu, daga nan zai fito.

Mataki na tara: ka gwada abin da ka rubuta

Idan daftarin ya kammala, ka cire duk wuraren da shugaban ya fito ka karanta sauran, ka ga ko har yanzu ana jin nauyinsa a kan mutanen labarin. Idan ba a ji, fadarsa ce ba ta cika ba, sai ka koma mataki na huɗu. Daga nan ka ba wani jawabin shi kaɗai ya karanta ba tare da ya san labarin ba, ka tambaye shi a wace jimla ce ya daina yarda da mai maganar. Idan ya daina tun a jimlar farko, ka sake rubuta farkon da ƙorafin gaskiya da ka tsara a mataki na ɗaya. Idan kuwa ya kai ƙarshe bai daina ba, to ka ƙara ƙarfin wurin mai sauraron da ya san gaskiya, ka kuma matso da sakamakon jawabin kusa, a nuna shi a kashin da ke biye.